Kafin Malam Ya Hau Mumbari a Ingila

Duk ƙarshen Sha'aban ni ake turawa filin jirgin Manchesta in ɗauko malamin da zai yi mana tafsiri. Ba don na fi kowa kusa da malamai ba, motata ce kawai na'urar ɗumamarta ba ta taɓa ba mu kunya ba. Daga filin jirgi zuwa masauki tafiyar rabin awa ce idan hanya ta yi kyau, kuma na daɗe da raba ta gida biyu. Rabin farko gaisuwa ce da labarin gida: ya aka baro su Hajiya, nawa buhun masara ya kai a Dawanau. Rabi na biyu kuwa maganar da sauran 'yan kwamiti ke jin nauyin yi ce. Nakan rage muryar rediyo in ce, "Allah gafarta Malam, akwai wata magana, a yi haƙuri da ni."

Sana'ata tafinta. Ina juya Hausa zuwa Turanci a ofisoshin 'yan sanda, a kotu, a asibiti, da wajen tambayoyin masu neman mafaka. Na ga yadda kalma ɗaya ke fita daga bakin mutum a sake, ta dawo masa a buge a takarda tana da nauyin dutse. Shi ya sa aka bar mini wannan aikin na bayyana wa Malam abin da dokar Ingila ta ce game da wa'azi a kan luwaɗi da maɗigo. Bana na ce bari in rubuta shi, domin ba malamai kaɗai ke buƙatarsa ba. Direban tasi, mai kula da tsofaffi, ɗalibi, da duk mai waya a hannu yana cikin zancen.

Malaman da nake ɗaukowa kashi biyu ne. Akwai wanda tun daga Kano aka cika masa kunne cewa a Ingila ko sunan Annabi Luɗu ka ambata sai ka kwana a bayan kanta, don haka ya zo da niyyar tsallake ayoyin. Akwai kuma wanda aka ce masa ai ƙasar 'yanci ce, faɗi duk abin da ya zo bakinka. Dukansu ba a gaya musu daidai ba.

Abin da dokar ta ce

Dokar da ta fi shafar mai wa'azi ita ce Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1986. A 2008 majalisa ta ƙara mata laifin rura ƙiyayya a kan mutane saboda jinsin da suke sha'awa, ƙarin ya fara aiki a 2010 a Ingila da Wels. Hukuncinsa na iya kaiwa shekara 7. Amma kafin a kama mutum da shi sai abu biyu sun haɗu: kalaman su zama na barazana, kuma a tabbatar ya yi su da nufin rura ƙiyayya. Ɓata wa mutum rai kawai bai kai ba. Sannan ba a shigar da irin wannan ƙara sai da amincewar Antoni Janar.

A cikin dokar kanta akwai sashe na 29JA, wanda nake so kowane malami ya haddace lambarsa kamar lambar wayar gida. Ya ce tattauna wata ɗabi'a ta jima'i, ko sukarta, ko kiran mutane su bar ta, shi kaɗai ba za a ɗauke shi barazana ba. Da aka halatta auren jinsi a 2013 aka ƙara cewa sukar irin wannan aure ma haka yake. Wato Malam zai iya karanta ƙissar mutanen Luɗu a A'arafi ko Hudu ko Shu'ara, ya fassara, ya ce Musulunci ya haramta luwaɗi da maɗigo, ya ce aure a wurinmu tsakanin namiji da mace ne, ya kira mutane zuwa tuba. Ba wanda zai tilasta wa masallaci ɗaura auren jinsi kuma; dokar 2013 ta ware wuraren ibada a fili.

A nan yawanci sai in ga kafaɗun Malam sun sauka. Sai in ba shi labarin Derby.

A 2010, gab da wani gangamin 'yan luwaɗi a garin, wasu Musulmi suka buga takardu suna rabawa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, suna kuma zura su ta ramin wasiƙa na ƙofofin mutane. Ɗaya daga cikin takardun tana ɗauke da hoton mutum-mutumi a rataye da igiya a wuya, kanunta yana tambaya ko hukuncin kisa ne ya dace. A kotu suka ce su abin da addininsu ya koyar suka isar. Wasu mazauna unguwar da takardar ta faɗo cikin gidajensu suka ba da shaida cewa tsoro ya kama su. A farkon 2012 aka samu uku da laifi, su ne na farko da wannan doka ta ci. Ɗaya ya samu shekara 2, biyu suka samu wata 15 kowanne. Ayoyi da hadisan da suka kawo ba su cece su ba, domin abin da masu yanke hukunci suka duba shi ne igiyar, da ƙofar da aka zura ta.

Ni kam ban ga zalunci a hukuncin nan ba. Duk wanda ya taɓa buɗe ƙofar masallaci da asuba ya tarar an jefo takardar zagi ko an yi rubutu a bango ya san abin da mutumin da ke bayan waccan ƙofa ya ji.

Tambayar da ke zuwa a takarda

Wurin da na fi tsayawa da Malam shi ne lokacin tambayoyi. Bayan an shafa, akwati ke zagayawa, kuma kusan duk shekara sai an sami wanda ya rubuto: "Malam, mene ne hukuncin wanda aka kama yana luwaɗi?" Wani da gaske yake tambaya. Wani so yake ya ɗauki minti ɗaya a waya ya watsa.

Shawarata ita ce a tace takardun kafin su isa hannun Malam, wani dattijo ya zauna gefe yana dubawa. Idan kuma an yi tambayar da baki a bainar jama'a, kada Malam ya amsa da jimla guda. Ya faɗi haramcin. Ya ce maganar haddi magana ce ta alƙali da hukuma da shaidu, kuma ko a littattafan fiƙihu malamai sun saɓa, abin da Imam Malik ya tafi a kai ba shi Imam Abu Hanifa ya tafi a kai ba. Sannan ya faɗa da babbar murya, ba a dunƙule ba, cewa nan ƙasa ce mai dokarta, mun shigo ta da alƙawarin zaman lafiya, kuma babu wanda ke da izinin taɓa kowa, ko tsoratar da shi, ko bin sa, ko tona shi. Wannan jimlar ba ado ba ce da ake saƙawa don lauya. A sahu na uku akwai yara 'yan shekara sha bakwai da ke jin kowace kalma, kuma gobe da safe za su zauna aji ɗaya da wanda ake magana a kansa.

Sai kuma harshe, wanda shi ne fagena. Hausar mumbari tana da zafi, mu da muka tashi da ita ba ma jin zafin. "Sai an yi maganinsu." A gida mai sauraro na iya fahimtar nasiha ko tarbiyya. Ranar da aka ajiye mini faifan a gaban ɗan sanda, rantsuwar da na yi ita ce in juya abin da aka faɗa, ba abin da nake zaton ana nufi ba, kuma Turancin da ya fi kusa da wannan jimla kamar shirin kai hari yake sauka a kunne. Haka "a kawar da su", "a tsarkake gari daga gare su", "annoba ce". Tafinta ba ya gyara wa mutum magana. Don haka nake roƙon malamai su tsaya a kan aiki da hukuncinsa, su bar "su" da "waɗannan mutane". Kada a ambaci sunan kowa, ko shagonsa, ko layin da yake. Kada a nuna kowa da yatsa. Magana zarar bunu ce, a ƙasar nan kuma bunun har da kwanan wata da lokaci ake adana shi.

Ku ɗauki karatun gaba ɗaya, daga isti'aza zuwa addu'ar rufewa, ku ajiye. Wanda zai kai ƙara daƙiƙa arba'in zai kai. Cikakken faifan shi ne shaidarku.

Wa'azin titi

Cikin masallaci da bakin titi ba ɗaya ba ne. A titi wasu sassan dokar 1986 ne ke aiki, na 4A da na 5, masu hana kalaman da ke muzguna wa mutane ko tsoratar da su, kuma ɗan sandan da ke wurin shi ke fara yanke shawara. A 2001 wani dattijo Kirista mai suna Harry Hammond ya tsaya a tsakiyar Bournemouth da allo mai kiran a daina luwaɗi da maɗigo. Jama'a suka taru, aka watsa masa ruwa da ƙasa, amma shi aka kama, aka ci shi tarar fam 300. Irin wannan shari'a ce ta sa aka yi ta matsa wa majalisa har ta cire kalmar "cin fuska" daga sashe na 5, gyaran ya fara aiki a Fabrairun 2014. Duk da haka ana kama masu wa'azi har yanzu, sau da yawa kotu ta sallame su daga baya, kamar wani fasto da aka kama a Uxbridge a 2021 aka wanke shi a 2022. Sallama bayan shekara guda ana kai da kawowa, ga wanda ya zo da bizar wata shida, ba nasara ba ce. Kuma sashe na 4A bai canza ba: idan ka tsare mutum ɗaya kana zaginsa da nufin muzguna masa, ka shiga. Samarin da ke kafa teburin da'awa ranar Asabar, abin da nake ce musu shi ne idan mutum biyu suka wuce riƙe da hannun juna, ku bar su su wuce.

Mu da ba malamai ba

A gaskiya ban taɓa yi wa malami tafinta a ofishin 'yan sanda a kan wannan batu ba. Waɗanda na yi wa, talakawan masallaci ne, kuma ba wa'azi ya kai su ba, faɗa ne.

Abin da Turawa ke kira laifin ƙiyayya ba wani laifi ba ne mai zaman kansa. Laifi ne da aka sani, duka ko barazana ko fasa kaya, sai a ce an yi shi da nuna ƙiyayya ga jinsin da mutum ke sha'awa, ko addininsa, ko launinsa. Sashe na 66 na Dokar Yanke Hukunci ta 2020 ya wajabta wa alƙali ya ƙara nauyin hukunci, ya kuma faɗi dalili a buɗe. Rigima a kan kuɗin mota, fasinja ya zage ka, kai ma ka rama da kalmar da ka ji ana faɗa a titi ba ka ma san nauyinta ba, ka tura shi. Da turin kaɗai ne da ƙaramar magana ce. Kalmar ita ke mayar da ita babba, kuma ƙaramar hukumar da ta ba ka lasin tasi za ta ji labari. Ba sai mutumin ya kasance ɗan luwaɗi da gaske ba. Zaton da ka yi ya isa.

A wurin aiki Dokar Daidaito ta 2010 ce ke mulki, ita kuma ta kare addini ta kare masu neman jinsi a jeri ɗaya. Kotuna sun daɗe suna auna su, kuma ma'aunin ya fito fili. Nan kusa da mu a Trafford, wani ma'aikacin hukumar gidaje, Adrian Smith, ya rubuta a Facebook ɗinsa cewa ɗaura auren jinsi a coci wuce gona da iri ne. Aka rage masa matsayi da albashi. A 2012 Babbar Kotu ta ce an zalunce shi, sai dai diyyar da ya samu ba ta kai fam 100 ba. Felix Ngole, ɗan asalin Kamaru, Jami'ar Sheffield ta kore shi daga karatun aikin jin daɗin jama'a saboda abin da ya rubuta a Facebook yana kafa hujja da Baibul. Sai 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba shi gaskiya, bayan shekara uku. A ɗaya gefen, Lillian Ladele, mai rajistar aure a Islington ta Landan, ta ƙi yi wa masu jinsi ɗaya rajista, ta kai ƙara har Kotun Turai, ta faɗi a 2013. A wannan shekara ta 2013 dai Kotun Ƙoli ta kayar da wasu Kiristoci mata da miji masu masaukin baƙi a Cornwall da suka hana maza biyu ɗaki mai gado ɗaya. Amma a 2018 ita wannan kotu ta wanke gidan burodin Ashers na Belfast da ya ƙi rubuta saƙon goyon bayan auren jinsi a kan kek, domin saƙon suka ƙi, ba mai sayen ba.

To, ka ga inda layin yake. Ra'ayinka naka ne, ba a tilasta maka furta abin da ba ka yarda da shi ba. Amma fasinja, majiyyaci, ɗan haya, mai sayen tsire, ba ka da ikon juya masa baya. Idan abokin aiki ya tambaye ka me addininku ya ce, amsa a taƙaice, cikin ladabi, sau ɗaya. Idan bai tambaya ba, ka sha shayinka.

Waya ita ce ramin da ya fi cin mutanenmu. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi shekara 14 ga auren jinsi a Najeriya. A Maris na shekarar aka ɗaura auren jinsi na farko a Ingila. Wayar da ke aljihunka tana zaune a ƙasashen biyu lokaci guda. Faifan da wani ya yi a gida yana kiran a far wa wasu, da ka tura shi daga Manchesta, kai ka watsa shi, kuma dokar Ingila ce a kanka. Dokar Sadarwa ta 2003, sashe na 127, ta hana aika saƙo mai tsananin muni ko na tsoratarwa. Kada ka ce ai zauren namu ne na 'yan gida. A 2022 an samu 'yan sandan Landan biyu da laifi a kan abin da suka rubuta a rufaffen zauren WhatsApp. Mu a zauren masallacinmu mun sa doka: ba a tura faifan wa'azi sai ta hannun mutum biyu da aka naɗa. An yi gunaguni na mako guda aka saba.

Idan an gayyaci Malam Glasgow ko Edinburgh, a sani Sukotlan dokarta daban. Tun 1 ga Afrilun 2024 sabuwar dokarsu ta haɗa da kalaman cin zarafi, ba barazana kaɗai ba, kuma ba ta ware abin da aka faɗa a cikin gida ba kamar yadda ta Ingila ta yi. Ita ma ta bar ƙofar tattaunawa da suka a buɗe, amma ƙofar ta fi ƙunci.

Akwai abin da nake ajiyewa sai mun kusa sauka, don na san ba ya daɗi. Sashen da ya ba Malam damar cewa luwaɗi haramun ne yana da ɗan'uwa, sashe na 29J, wanda ya ba wani damar sukar addini, har da yi masa ba'a. Wanda ya tsaya a dandali yana aibata Musulunci, rigar da ta rufe mu ita ta rufe shi. Haka kuma dokar da ke ƙara hukunci ga wanda ya doki ɗan luwaɗi, irinta ce ke ƙara shi ga wanda ya fizge hijabin 'yarka a tashar bas. Wani malami ya taɓa yin shiru mai tsawo da na faɗi haka, sannan ya ce, "To, ai sun yi adalci a rabon ɗacin."

Wata rana aka kira ni tafinta wajen tambayoyin neman mafaka. Yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, Hausarsa irin ta unguwarmu sak, har yadda yake jan "wallahi". Da ya ji muryata sai jikinsa ya ɗau rawa, ya roƙi jami'ar ta canza ni, yana tsoron kada labarinsa ya riga shi isa gida. Sai da aka karanta masa ƙa'idar sirri sau biyu. Da aka yi hutu ya tambaye ni a hankali ina alƙibla take a ɗakin. Bayan wata biyu na hango shi a sahun baya ranar Juma'a, ya sa hula har gira. Bai gaishe ni ba, ni ma ban nuna na san shi ba. Nakan gaya wa Malam wannan ba tare da wata alama da za ta nuna ko wane ne ba, don ya san idan ya ce "su", wataƙila yana magana da wanda ke gabansa ne.

Idan 'yan sanda sun zo

A nutsu, kada a ɗaga murya, kada jama'a su yi cincirindo. Tambayi ko kama ka aka yi ko gayyata ce. Ko gayyata ce, duk abin da ka faɗa ana iya kai shi kotu, saboda haka nemi lauya. A ofishin 'yan sanda kyauta ne ga kowa, ɗan ƙasa ko baƙo. Nemi tafinta ko da kana ganin Turancinka ya isa, shi ma kyauta ne. A ƙa'ida ba sa riƙe mutum fiye da awa 24 ba tare da tuhuma ko ƙarin izini ba. Idan aka ce ka karɓi gargaɗi a rubuce ka tafi gida, kada ka sa hannu sai lauya ya gani, domin karɓarsa amsa laifi ne, kuma zai iya fitowa ranar da ake binciken neman aiki. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya ƙara kula: ɗaurin wata 12 ko fiye yana jawo kora daga ƙasar a ƙarƙashin dokar 2007, kuma Sakataren Cikin Gida na iya hana mutum shigowa saboda kalamansa tun kafin ya hau jirgi, kamar yadda aka yi wa Zakir Naik a 2010. 'Yan kwamiti kuma su tuna masallacin da ke da rajistar ƙungiyar agaji, hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan ƙungiyoyi su za ta tambaya a kan wanda suka ba makirufo.

Bara mun tsaya a ƙarshen Yunus, don haka bana da Hudu za a buɗe. Malamin da na ɗauko ya lissafa da yatsunsa, ya ce idan alaramma bai yi sauri ba za mu kai ayoyin Luɗu wajen dare na goma sha biyu. Ya ce in tanadi wayar da ke da isasshen wurin ɗaukar karatun, kuma a zaunar da wani dattijo kusa da akwatin tambayoyi. Daga nan ya tambaye ni ko a garin nan ana samun fura.